Haɗa wa kwamfuresa mai babban matsi iska ko naitrojin ta bakin zuƙa

Kwamfuresar da ke cika silinda zuwa bar 200 ko 300 (bar shi ne ma'aunin matsin iska) an ƙera ta ne ta zuƙi iskar sarari da kanta, ba tare da wani ya tura mata ba. Faɗin fistin, ƙarfin moto, da inda bawul ɗin kariya zai buɗe, duk a kan haka maƙera suka yi lissafinsu. Duk da haka masu aiki da ita sukan so su jona mata tiyo a bakin zuƙa, kuma dalilan ba su wuce uku ba. Wani busasshiyar iska mai tsabta yake nema, saboda laimar damina da ƙurar hunturu. Wani naitrojin yake so ya matsa, domin tayar jirgin sama, ko akumuletar katafila da hamar fasa dutse, ko gwajin yoyo a bututun sanyi, ko aikin ɗakin gwaje-gwaje irin na Samaru. Na uku sauri kawai yake so. Biyun farko ana samunsu lafiya ƙalau, muddin iskar ta isa bakin injin da matsin da bai fi na sarari da komai ba. Na ukun ne ke cinye inji.

Abin da ke faruwa a cikin injin

Geji yana nuna sifili a sarari, amma iskar da muke shaƙa tana da nata matsi. A bakin teku, kamar Legas, bar 1.01 ne. Zariya tana kan tudu, wajen mita 650 sama da teku, don haka namu kusan bar 0.94 ne. Fistin kuwa da cikakken matsi yake aiki, wato na geji haɗe da na sarari. Wanda ya saita regileta a bar 1 yana ganin ɗan kaɗan ya ƙara, alhali ya ba injin 1.94 a madadin 0.94. Ya ninka abin da ke shiga, har da ɗoriya.

Ɗauki inji mai mataki uku da ke kai wa bar 300. Kowane mataki yana ninka matsin kusan sau 6.7: na farko ya fitar da wajen bar 7, na biyu wajen 45, na uku ya ƙarasa. Mai mataki huɗu yana tafiya ne kamar 4, 17, 72, sannan 300. Matsin da ke tsakanin matakai ba silindar da ake cikawa ce ke tsayar da shi ba, abin da ya shigo ta baki ne. In an ninka na baki, mataki na farko zai tashi zuwa wajen 13, na biyu wajen 90. Kamar leburori ne uku a kan bene suna miƙa wa juna kwanon kankare: in na ƙasa ya riƙa cika kwanon ninki biyu, na tsakiya ne zai fara karaya, tun kafin na sama ya san abin da ake ciki. Bututun sanyaya iska, da tukunyar raba ruwa ta tsakiya, da bawul ɗin kariya na kowane mataki, ba a yi su don wannan nauyi ba. In ka yi sa'a bawul ɗin kariya ya yi ta huci. In wani ya taɓa ɗaure shi tamau don ya daina damunsa, bututu ne zai fashe.

Moto ma yana ji a jikinsa. Ninka matsin baki yana sa injin ya nemi ƙarfi kusan sau 1.75 na yadda ya saba, don haka moto mai kilowat 2.2 sai ya koma ana neman wajen 3.8 daga gare shi. In wutar ba ta cika ba, ko janareta ƙarami ne, ya riga ya fara jan amfiya fiye da ƙima tun ba a ƙara masa komai ba. Bel ya fara zamewa, kafasita ta kumbura, waya ta ƙone. Zafin da fanka za ta kwashe daga matakan farko shi ma ya ninku, kuma a bazarar Zariya, lokacin da zafi ke doshin digiri 40, babu ragowar sanyi da za a ci.

Akwai kuma inda mutane da yawa ba sa dubawa. A injuna da dama, ɗan tiyon da ke fitar da numfashin akwatin kiranshaf yana komawa ne cikin bakin zuƙa. Da zarar ka matsa bakin, ka matsa akwatin mai ke nan. Sil ɗin shaf ya fara tsiyaya, sandar auna mai ta yi tsalle, gilashin duba mai ya tsage, sauran man kuma ya bi ringi ya hau kan fistin. Gidan filtar baki shi ma sau da yawa roba ne ko siririn ƙarfe, ba zai riƙe matsi ba. Kafin a sayi ko da kilif ɗaya, a bi wannan tiyo da ido a ga inda ya nufa.

To nawa za a iya ƙarawa? Abin da littafin injin ya ce, shi ne magana. In bai ce komai ba, iyakarka ka mayar wa injin abin da tudun Zariya ya rage masa, wato wajen bar 0.07, milibar 70. Wannan daidai yake da kai shi Legas. Bar 0.2 a geji ya riga ya ɗora masa kashi 12 cikin ɗari a kan abin da aka yi shi dominsa, bar 0.5 kuwa ya haura kashi 40. Mu a ganinmu milibar 10 zuwa 20 ya wadatar, domin abin da ake so shi ne kada iskar waje ta kutso, ba a yi wa injin ɗura ba.

Kayan haɗin naitrojin

Daga silinda zuwa inji, jerin shi ne: regileta mai mataki biyu a kan silinda, bawul mai allura ko regileta ta ƙaramin matsi, jakar ajiya ko tanki, mafitar rara, ma'aunin ƙaramin matsi, filta, sannan gajeren tiyo mai faɗi zuwa bakin injin.

Regileta mai mataki ɗaya tana da hali: yayin da silinda ke raguwa, matsin da take fitarwa yana ƙaruwa. Ka saita ta da safe ka juya baya, kafin azahar ta wuce inda ka bar ta. Shi ya sa ake son mai mataki biyu, a saita ta a bar 2 zuwa 3, a bar wa na biye da ita aikin saukewa. A duba kuma yawan iskar da take iya bayarwa. Inji mai lita 100 a minti yana buƙatar regiletar da ta fi haka. Ma'aunin gudu na masu walda da argon yakan tsaya ne a lita 25 zuwa 30, bai isa ba. Regiletar gas ɗin girki tana ruɗar mutane saboda tana fitar da wajen milibar 30, amma abin da take wucewa da shi bai kai lita 20 a minti ba, kuma ko kusa ba a ɗora ta a kan silinda mai bar 200.

Jakar ajiya ita ce zuciyar haɗin. Fistin ba a jere yake zuƙa ba, fizga yake yi, regileta kuma ba ta iya bin fizgar. Jakar roba ta musamman ta iskar gas ta fi, mai lita 20 zuwa sama. Inda babu, tif ɗin tayar babbar mota yana aiki, da sharaɗi biyu: a wanke hodar da ke cikinsa a shanya ya bushe sarai, sannan mai faci ya sa masa baki mai faɗi, don bakinsa na asali ya yi ƙanƙanta. Amfanin jaka a kan tankin ƙarfe shi ne ido yana ganinta. In ta shaƙe ta yi tauri, iskar ta yi yawa. In ta lanƙwashe tana mannewa, injin yana jin yunwa. A tsakani ake son ta, tana numfashi a hankali.

Gejin bar 10 ba zai nuna maka milibar 15 ba. Sami farin tiyo irin na lebur ɗin magina, lanƙwasa shi kamar harafin U a jikin katako, zuba ruwa rabi, haɗa baki ɗaya da layin, bar ɗayan a buɗe. Tazarar santimita ɗaya tsakanin ruwan ɓangarorin biyu kusan milibar ɗaya ce. Mafitar rara ma ana iya yin ta da ruwa: tiyon da aka nutsar santimita 20 cikin bokiti zai fara fitar da kumfa da zarar layin ya wuce milibar 20. Sai dai dole a sa kwalba wofi mai murfi, wadda ta fi ƙarfin ruwan da zai iya dawowa, tsakanin layin da duk wani abu mai ruwa. Ranar da silinda ta ƙare ba a lura ba, injin zai ja ruwan nan, kuma ruwa ba ya matsuwa. Cokali kaɗan sun isa su lanƙwasa kwanrod, wato sandar fistin.

Tiyon ƙarshe ya kasance mai faɗin milimita 19 zuwa 25 a ciki, kada ya wuce mita biyu, kuma mai zare ko waya a jiki don kada ya manne in an zuƙa. Ɗan siririn tiyon milimita 6 ko 8 na gareji yana shaƙe injin ko da regileta na bayarwa. Shi kuma numfashin akwatin kiranshaf, in ana son naitrojin mai tsabta sosai, a mayar da shi cikin layin ƙaramin matsin ta hanyar ɗan tarkon mai. A milibar 15 wannan ba ya cutar da sil. In an bar shi a buɗe a waje, ɗan oksijin zai riƙa sulalowa ta ringi.

Yadda ake tayar da aikin

Fara da gudanar da injin a iskar sarari, yadda ya saba. Rubuta amfiyar da moto ke ja da mitar kilam, da matsin tsakanin matakai in akwai geji, da mintunan da yake ɗauka ya cika silindar da ka sani. Waɗannan su ne ma'auninka. Ba tare da su ba, ba za ka gane lokacin da abu ya kauce ba.

Ɗaure silindar naitrojin a tsaye da sarƙa. Karanta takardar da ke jikinta, ka gwada iskar da na'urar auna oksijin: a sarari tana nuna kashi 20.9, a naitrojin ta faɗi kusa da sifili. Sassauta regileta gaba ɗaya, buɗe bawul ɗin silinda a hankali kana tsaye a gefe, ba a gaban geji ba. Saita bar 2, buɗe bawul mai allura har jaka ta cika rabi, matse ta ta fita ta mafitar rara, maimaita sau biyu ko uku don korar iskar da ke ciki. Shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa.

Kafin a kunna inji, a yi wa silindar da za a cika wanka. Zuba mata naitrojin zuwa bar 10 kai tsaye ta regileta, sake shi, sau uku. Oksijin ɗin cikinta zai sauka daga kashi 21 zuwa wajen 2, sannan 0.2, sannan 0.02. Akwai kuma dabarar da ke rage wa inji wahala: in kana da tiyon babban matsi mai geji da bawul, bari silindar da za a cika ta fara sha daga babbar silindar naitrojin kai tsaye. Babba mai lita 50 a bar 200 da ƙarama mai lita 6.8 za su daidaita a wajen bar 176. Aikin injin ya zama daga 176 zuwa 300 kawai, ƙasa da rabin abin da zai yi daga wofi.

Buɗe dukkan bawulolin zubar da ruwa, kunna injin babu kaya, nan take ka ƙara bawul mai allura don jaka ta tsaya a rabi. Rufe na zubar da ruwa, bari matsi ya taru, saki iskar ta bakin cikawa na minti uku zuwa biyar kana aunawa, har oksijin ya sauka inda aikinka ke buƙata. Daga nan ne ake jona silinda. Mutum ɗaya ya tsaya a kan jaka da ma'aunin ruwa, kada oga ya aike shi ko'ina. Amfiya ta zauna daidai da wadda ka rubuta. In ta haura wadda ke rubuce a jikin moto, tsaya.

Silinda mai lita 50 a bar 200 tana ɗauke da kusan lita 10,000 na iska in an sake ta, wato wajen awa ɗaya da rabi a inji mai lita 100, ban da asarar wanka da rara. Cika ƙarama mai lita 6.8 daga wofi zuwa bar 300 yana cin kimanin lita 1,800, ƙasa da abin da ninkawa ke bayarwa, saboda a wannan matsi iska tana ƙin matsuwa. Wanda ya ɗauko silinda daga Kaduna ko Kano ya yi wannan lissafi tun kafin ya hau hanya. Kada a tatse babbar ƙarƙaf: in ta sauko bar 15 zuwa 20 a canza. Wajen kashewa, injin ake fara tsayarwa, sannan a rufe naitrojin. In an juya tsarin, injin zai yi daƙiƙoƙi yana zuƙar babu.

Zuƙar babu ta fi yadda ake ɗauka illa. In matsin baki ya faɗi rabi, mataki na biyu zai fitar da wajen bar 22 a madadin 45, sai mataki na ƙarshe ya koma ninkawa sau 13 ko 14. Kansa ya yi jan zafi, mai ya ƙone ya zama gawayi a kan bawul, mataki na farko kuma yana jawo mai daga ƙasa. Makunnin da ke yanke wuta in matsin baki ya faɗi yana kare injin daga wannan.

In iskar gareji ce

Ribar ciyar da babban injin daga kwamfuresar gareji ita ce rage ruwan da ke cikin iska. Iska mai zafin digiri 30 da laima kashi 80, irin ta watan Agusta, tana ɗauke da wajen giram 24 na ruwa a kowace lita 1,000. In kwamfuresar gareji ta matsa ta zuwa bar 7 ta huce a tanki, abin da ke saura bai kai giram 4 ba. Sauran ya kwanta a gindin tanki. Ka sauke matsin ya koma na sarari, ka riƙe bushewar. Filtar babban injin mai duwatsun shan laima za ta fi daɗewa, tukunyar raba ruwa ta rage tara farin ruwan nan mai kama da madara.

Sharaɗin shi ne iskar ta huce tukuna. Mai zafi tana wucewa da ruwanta a matsayin tururi, babu tarkon da zai kama shi. A sa bututun tagulla mita biyar zuwa goma a naɗe a gaban fanka, sai tarkon ruwa, sai filtar kama hazon mai mai lamba 0.01 maikiron, sai gawayin tace wari, sannan regileta da jaka kamar na naitrojin. Filtar mai ba ta zaɓi ba ce. Man kwamfuresar gareji, balle in baƙin man mota aka zuba mata, ba ya jure zafin matakan sama: yana ƙonewa ya bar gawayi da iskar kabon monoksaid, wani lokaci ya kama da wuta a cikin silindar fistin yadda dizal ke yi. A lura kuma cewa lambar da ke jikin ƙananan kwamfuresa ta abin da fistin ke sharewa ce, abin da take bayarwa a zahiri yakan tsaya wajen kashi biyu cikin uku. In ba ta fi babban injin bayarwa ba, tanki zai ƙare a tsakiyar aiki. A lokacin hunturu ribar bushewa kaɗan ce, iskar da kanta a bushe take. Abin yi a lokacin shi ne yawan duba filtar baki saboda ƙura.

Regileta ta yi raɓa ko ƙanƙara a jiki? Naitrojin na yin sanyi sosai in ya sauko daga bar 200, kuma da damina laima na daskarewa a kanta. Rage gudu ko haɗa silinda biyu, kada a kusanto da wuta. Bawul ɗin kariya na tsakiya yana huci alhali ma'aunin ruwa daidai yake? Ba bakin ba ne, bawul ɗin mataki na gaba ne ke yoyo yana mayar da iska baya. Oksijin ya ƙi sauka a na'ura? Nemi yoyo tsakanin jaka da inji, ko numfashin akwatin mai. Ruwan da ke taruwa kuma a ci gaba da zubar da shi kowane minti 10 zuwa 15, ko da naitrojin ake aiki, don mai ma a nan yake taruwa.

Abubuwan da ke kisa

Oksijin ba ya shiga injin da ke aiki da mai, ko kaɗan. Mai da oksijin a ƙarƙashin matsi fashewa ce. Launin silinda ba hujja ba ne: a tsarin Turai na yanzu kafaɗar naitrojin baƙa ce, ta oksijin fara, amma a tsohon tsarin Ingila silindar oksijin ta masana'antu baƙa ce gaba ɗaya, ta naitrojin toka-toka mai baƙar kafaɗa. Duka iri biyun suna yawo, ga fenti da ya goge, kuma a wasu silinda zaren bakin iri ɗaya ne, regileta ɗaya za ta hau kowacce.

Naitrojin ba shi da wari ko launi, kuma jiki ba ya jin shaƙewa kafin mutum ya faɗi. Ƙasa da kashi 19.5 na oksijin wuri ya zama mai haɗari. Silinda ɗaya mai lita 50 in ta tsiyaye a rufaffen shago mai mita uku da huɗu, tsayi uku, za ta sauke shi zuwa wajen kashi 16. A yi aikin a rumfa ko ƙofa da taga a buɗe, a fitar da tiyon rara waje. In yaron shago ya faɗi a ciki, kada kowa ya ruga ya shiga kafin a rufe silinda iska ta ratsa.

Injin da ke cika silindar numfashi ta 'yan kwana-kwana gara a ware shi, kada naitrojin ya taɓa shi. Wanda ya shaƙi silindar da aka cika da ragowar naitrojin numfashi kaɗan zai yi ya suma. Iskar gareji ma ba ta dace da wannan aiki ba sai an gwada ta: ƙa'idar Turai ta iskar numfashi, EN 12021, ta taƙaita kabon monoksaid a kashi 5 cikin miliyan, mai kuma miligiram 0.5 a lita 1,000. Janareta ya kasance nesa da bakin zuƙar kowanne daga injunan, a ɓangaren da iska ke kwashe hayaƙin.

Wanda sauri yake so da gaske, ko yake yawan aikin naitrojin, busta zai nema, injin da aka ƙera don ya karɓi iska mai matsi. Irin na kamfanonin Haskel da Maximator iskar gareji ce ke tuƙa su: babban fistin yana tura ƙarami, kuma bambancin faɗinsu shi ke ba da ninkin. Mai ninki 30 da aka ba bar 7 zai tsaya a wajen bar 210, don haka mai neman 300 sai ya ɗauki mai ninki 60 ko 75. Busta yana ɗaukar naitrojin kai tsaye daga silinda da matsinsa, ba sai an sauke shi zuwa sifili an sake hawa da shi ba, kuma ɓangaren gas ɗinsa ba ya aiki da mai. Wajen saye a tambayi mafi ƙarancin matsin da yake karɓa a baki, da litar iskar tuƙi da yake ci a minti, domin ƙaramar kwamfuresa mai tankin lita 50 sau da yawa ba ta iya ciyar da shi a jere.